Gansakuka: Mai Sauƙin Reno a Akwatin Kifi, Mai Wuyar Sha'ani a Lambu

A gidajenmu gansakuka ƙazanta ce. In ta fito a gindin randa a sa soso da toka a dirje, in ta kama bakin rijiya a kankare ta don kada santsi ya kwashi yaro. Shi ya sa mutum kan yi mamaki in ya ji cewa a birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wurin ibadar da sai ka nemi izini tun kafin ka zo, ka biya kuɗi, don kawai ka ga gansakuka ta shimfiɗu a ƙarƙashin itatuwa. Masu kiwon kifin ado kuma suna sayenta a ɗan kofi, su ɗaura ta a jikin itace su nutsar a ruwa. Masu sayarwa suna cewa ita ce shukar da ba ta neman ɗawainiya: ba taki, ba noma, ba feshi. A cikin ruwa maganarsu tana kusa da gaskiya. A tudu kuwa rabin gaskiya ce, kuma ba za a gane dalilin wannan bambanci ba sai an san yadda wannan halitta take shan ruwa.

Da farko sai mun raba abubuwa biyu da harshenmu ya haɗa a suna ɗaya. Akwai koren nan mai yauƙi da ke fitowa a kududdufi da cikin tanki, wanda in ka damƙe shi sai ya narke a hannunka. Wannan ba shi da kara, ba shi da ganye. Akwai kuma wata mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa a jikin katanga ko kan dutse da damina, wadda in ka kawo ido kusa za ka ga 'yan kara tsaye-tsaye, kowanne da ganyayyaki ƙanana kamar kan allura. Ita ce shuka ta gaske, kuma a kanta nake magana. Zan kira ta gansakuka mai ganye, waccan kuma mai yauƙi. Rabuwar tana da muhimmanci, domin a akwatin kifi mai yauƙin ce babbar abokiyar gabar mai ganye.

Masana sun ƙirga nau'in gansakuka mai ganye kusan 12,000 a duniya. Abin da ya haɗa su shi ne ba su da saiwa irin ta gero ko darbejiya. 'Yan zaruruwan da ke ƙarƙashinta na riƙo ne kawai, kamar ƙusar da ta kafe allo a bango. Ba su tsotso ruwa ko abinci daga ƙasa yadda saiwa ke yi. Yawancinsu kuma ba su da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga gindi zuwa sama, shi ya sa ba su tsawo. Da jikinta gaba ɗaya take sha. Ganyenta a nau'o'i da yawa ƙwayar halitta ɗaya ce kaurinsa, ba shi da kakin nan mai kauri da ke hana ganyen mangwaro bushewa, saboda haka raɓa ko ɗigon ruwan sama na taɓa shi yake shiga. To ƙofar da ruwa ya shiga ta nan yake fita. Iska busasshiya na kaɗawa, cikin ɗan lokaci ta bushe ƙamas.

Nan ne abin ban mamakinta yake. Shukar gona in ta bushe ta mutu. Gansakuka da yawa in sun bushe sai su naɗe ganye, su tsayar da duk wani aiki na jiki, su jira. Akwai wata ta hamada mai suna Syntrichia caninervis da ke rayuwa a hamadar arewa maso yammacin Sin da ta Mojave a Amurka. Masana na ƙasar Sin sun wallafa a 2024 cewa tana iya rasa fiye da kashi 98 cikin 100 na ruwan jikinta, a zuba mata ruwa ta farfaɗo cikin daƙiƙu. A 2014 kuma masu bincike daga Birtaniya sun ba da labarin gansakukar da suka haƙo daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy da ke yankin Antatika, wadda ta shafe sama da shekara 1,500 a ƙanƙara, suka ɗumama ta a ɗakin bincike ta tofo. Irin waɗannan labarai ne suka sa ake cewa ba ta mutuwa. Amma rashin mutuwa daban, girma daban. Duk sa'ar da take a bushe ba ta ƙara ko ƙwayar ganye ɗaya. Girmanta jimillar sa'o'in da ta yi a jiƙe ne, kuma wannan lissafin shi ne yake yanke hukunci a kan duk wanda ya so renonta.

Haihuwarta ma a ruwa ta dogara. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Ƙwayar namijin sai ta yi iyo a cikin ɗan laimar da ke kan shukar kafin ta isa ga ta macen, daga nan wani ɗan sili ya fito da ƙoƙo a kansa, cike da iri mai laushi kamar ƙura, iska ta ɗebe. Sai dai tana da wata hanya mafi sauri, wadda masu reno suka dogara da ita: kusan kowane guntu da ya gutsure daga jikinta yana iya zama sabuwar shuka in ya sami danshi.

Yanzu ka ɗauki wannan halitta ka nutsar da ita a akwatin gilashi mai ruwa. Babbar matsalar rayuwarta ta kau gaba ɗaya, domin sa'o'inta na jiƙa sun zama 24 a kowace rana. Abinci kuma yana yawo a cikin ruwan da take ciki. Kashin kifi da ragowar abincinsu suna ruɓewa su fitar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su juya ta zuwa wani sinadarin, daga nan zuwa naitiret, wanda taki ne. Gansakuka tana tsotsar wannan ta ganye. Tun da ba ta da saiwa, ba ta buƙatar ƙasa ta musamman da ake saya da tsada don sauran shuke-shuken ruwa. Tun da a inuwar daji ta saba, fitila mai rauni ta ishe ta. Wannan shi ne asalin sauƙinta, kuma sauƙi ne na gaske.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce gansakukar Java, 'yar asalin kudu maso gabashin Asiya. Shekaru da yawa ana sayar da ita da sunan Vesicularia dubyana, sai daga baya masana suka tabbatar yawancin abin da ke hannun mutane Taxiphyllum barbieri ce. Ana ɗaukar ɗan kaɗan a baza shi siriri a kan dutse ko busasshen itace, a naɗe da zaren ɗinki. Zaren auduga yakan ruɓe da kansa bayan wasu makonni, a lokacin ita kuma ta riga ta kama. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne ɗaura dunƙule mai kauri don a ga kyau nan take. Na saman ya tare wa na ƙasan haske, na ƙasan ya ruɓe, ranar nan sai ka ga tulin ya saki itacen yana yawo a ruwa. Haka ma in ta yi girma aka bar ta ba aski. Almakashi sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu, a kwashe abin da aka yanke kada ya toshe matatar ruwa, shi ne yawancin aikinta.

Ba kwalliya kaɗai take yi ba. 'Ya'yan kifi da aka ƙyanƙyashe suna ɓuya a cikinta daga bakin manya, har da iyayensu, kuma suna samun ƙananan halittun da ke maƙale a tsakanin ganyenta su ci. Jatan lande na ado a kanta suke wuni suna kiwo. Mutumin da ya fi kowa ɗaukaka darajarta a wannan fage shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan Niigata ta Japan, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015. Shi ya yaɗa salon tsara akwatin kifi ya zama kamar wani yanki na daji, da duwatsu da itatuwa masu lulluɓe da gansakuka, kuma aikinsa na ƙarshe babba ya yi shi ne a gidan kifaye na Lisbon a Fotugal, tanki mai tsawon mita 40. Har wani jatan lande mai cin gansakuka mai yauƙi ake kira da sunansa, domin shi ya nuna wa mutane amfaninsa.

Ambaton mai yauƙi ya kawo mu ga abin da ya fi lalata wa mutane aiki. Gansakuka mai ganye a hankali take girma, mai yauƙi kuwa cikin kwanaki take ninkuwa. In haske ya yi yawa, ko aka cika wa kifi abinci har taki ya taru a ruwa, mai ganye ba za ta iya cinye rarar ba, mai yauƙi ce za ta cinye. Sai ta fito kamar gashi ta sarƙe cikin ganyen, kuma in ta sarƙe babu tsefewa. Sau da yawa sai dai a yanke wurin a zubar. Mai ajiye akwatinsa a bakin taga don ya ba shukar rana, da hannunsa ya gayyato wannan. Sa'a 6 zuwa 8 na fitila sun wadatar, a rage abinci, a riƙa canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako ko mako biyu. In ruwan famfo ne mai sinadarin kulorin, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Ga mai son gwadawa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, abin da zai fi ba shi wahala zafi ne. Gansakukar Java ta fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 25 a ma'aunin Salshiyos, tana jurewa har kusan 30, amma in ruwa ya wuce haka ya daɗe sai ta yi ja-ja, ta sirance. Da bazara, lokacin da zafin waje ke kai 40, ruwan da ke cikin ɗaki mai rufin kwano yana iya haye wannan iyaka. Maganin da ya fi araha dabarar randa ce: ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, ruwan ya sauka da digiri biyu ko uku. Sai dai a tuna ruwa ne ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan, saboda haka ciko kaɗai ba ya wadatarwa, dole a riƙa ɗiba ana zubarwa. A wani ɓangaren kuma tana da abin da ya dace da mu ƙwarai. In aka ɗauke wuta kwana biyu, shuke-shuken ruwa masu son haske mai ƙarfi sukan fara narkewa, ita kuwa ko a jikinta. Kifin ne abin damuwa a ranar, ba ita ba. Kuma a lura da irin kifin: jan kifin ado mai faffaɗar wutsiya da dangin karfasa sukan yage ta su watsar.

Akwai wani abu da ake sayarwa da sunan ƙwallon gansakuka, kore, zagayayye kamar lemun tsami, wanda Japanawa ke kira marimo. Duk da sunan, dangin mai yauƙi ne. A tafkin Akan na tsibirin Hokkaido igiyar ruwa ce ke mirgina shi a hankali har ya dunƙule, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma tun 1952 gwamnatin Japan ta sa shi cikin abubuwan da take ba kariya ta musamman. Na kawo shi ne saboda abin da ya faru a watan Maris na 2021, lokacin da aka gano wata ƙumbar ruwa, ƙaramar halitta mai ɓawo mai zane-zane, maƙale a cikin irin waɗannan ƙwallaye a shagunan dabbobin gida na Amurka. Wannan ƙumba 'yar asalin yankin Baƙin Teku da tekun Kasfiya ce, ta shiga manyan tafkunan Amurka ta Arewa a ƙarshen shekarun 1980, tana toshe bututun ruwa da na tashoshin lantarki. Hukumomi suka umarci duk wanda ya saya ya daskarar da ƙwallon ko ya tafasa shi kafin ya jefar, kada ya zuba ruwan tankin a magudana. Mu ma mun san irin wannan ciwo. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta da masu kwale-kwale a Legas da kogin Neja daga Kudancin Amurka ta fito, kuma don ado aka yaɗa ta a duniya. Abin da aka yanke daga akwatin kifi a shanya shi ya bushe, a sa a shara. Kada ya je rafi.

A tudu labarin ya juya. Wurin ibadar da na ambata a farko sunansa Saiho-ji, amma an fi saninsa da Kokedera, wato haikalin gansakuka. Malamin addinin Buddha Muso Soseki ne ya sake tsara lambun a 1339, kuma a 1994 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin Kyoto da duniya ta gada. Nau'in gansakuka kusan 120 ne a cikinsa. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne ba Muso ya dasa ta ba. Yaƙi ya ƙone gine-ginen, ambaliya ta sha cin wurin, aka shiga zamanin da babu kuɗin gyara, sai gansakuka ta zo da kanta ta rufe ƙasar. Mukan yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, to wannan lambu ma haka yake. Wurin yana gindin tsauni, ga tafki a tsakiya, ga inuwar itatuwa, ga ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara wanda ba ya ɗaukewa na tsawon watanni. Sa'o'in jiƙa sun yi yawa, ita kuma ta amsa.

Amma daga ranar da aka ce a riƙe ta da kyanta, aiki ya fara. Ganyen itace in ya faɗi ya kwanta a kanta yana tare haske ya ruɓar da ita, don haka kullum ana shara da tsintsiya mai laushi. Ciyawa tana tsirowa a tsakiyarta, ba a sa fartanya, da yatsu ake cira ɗaya bayan ɗaya. Takun ƙafa yana kashe ta, kuma yawan masu ziyara ne ya sa tun 1977 aka hana shiga sai da izinin da aka nema tun da wuri. Wanda ya kira wannan lambu mara ɗawainiya bai tambayi masu tsugunno a cikinsa ba. Abin da aka huta da shi yankan ciyawa ne da taki. Taki ma cutar da ita yake yi, domin ciyawa mai saiwa ce ke amfana da shi ta taso ta danne ta.

Mai son gwadawa a lambunsa yana buƙatar inuwa, da ƙasa dandaɓaɓɓiya wadda ba a kaftu ba, mai ɗan tsami, tsakanin 5 da 6 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. Ƙasa mai kanwa-kanwa ba ta karɓar yawancin nau'o'in da ake shimfiɗawa a lambu, kodayake akwai wasu 'yan ƙanana da suka fi son tsohon siminti. Ana share wurin tas, a jiƙa, a ɗora faifan gansakukar a danna shi sosai har ya manne da ƙasa, a yi ta yayyafi safe da yamma na makonni. Akwai wata dabara da ta yaɗu ƙwarai, wai a markaɗa gansakuka da kindirmo a shafa a bango. Ba na ba da shawararta. Gaskiyar da ke cikinta ita ce guntaye suna tsirowa, amma ba kindirmon ke tsirar da su ba. Gansakuka da haske take haɗa abincinta, nono kuwa fumfuna da ƙudaje yake kira. Bangon da bai da danshi ko an shafa masa ƙwarya goma haka zai zauna.

To ina mu a wannan? Ruwan saman Kano a yawancin shekaru bai kai milimita 1,000 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga nan hunturu ya shigo da iskar da ke tsage leɓe da diddige, ya bar ƙura a kan komai, bazara ta biyo baya. Shukar da ba ta da saiwar da za ta bi laima zuwa ƙasa, ba ta da kakin da zai riƙe abin da ta sha, wata bakwai ko takwas za ta yi a sume. Wanda ya dage sai ya ga shimfiɗar Kyoto a tsakar gidansa dole ya riƙa fesa ruwa sau da yawa a rana, a garin da mata da yara ke bin layin rijiyar burtsatse, kuma in ruwan mai gishiri ne zai bar farin ɓawo a ganyen ya ƙone shi. A ganina wannan almubazzaranci ne da ruwa, kuma sakamakonsa ba zai yi kyau ba. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 da damina mai tsawo, ko a tsaunin Mambila mai hazo da sanyi, lissafin ya fi sauƙi, kuma can ana ganinta da kanta a jikin duwatsu da gindin itatuwa.

Wannan ma yana da nasa haɗari. Wanda ya ga faifan gansakuka a kan dutse hannunsa kan yi ƙaiƙayin ɓamɓarowa. A dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, inda ake ɗibarta ana sayar wa masu adon furanni, an ga cewa reshen da aka kware yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya koma yadda yake. Abin da ya fi zafi, wadda aka ɗauko daga dutse mai sanyi aka kawo gari mai zafi yawanci mutuwa take yi, an yi asara biyu ke nan. In za a ɗiba, a ɗauki kamar faɗin tafin yaro daga wurin da za a rushe ko za a share, kamar tsohuwar katanga ko bakin kwata, domin wadda ta tsiro a unguwarku ta riga ta san iskar unguwarku.

Ɗan wannan guntun ya isa a sa a kwalbar gilashi mai faɗin baki, a zuba tsakuwa a ƙasa, gawayi kaɗan, ƙasa siririya a sama, a yayyafa ruwan sama, a rufe. Murfin yana tsare laimar, ruwan da ya tashi ya taru a jikin gilashin ya gangaro, sai kwalbar ta zama ƙaramar damina da ba ta ɗaukewa. A ajiye ta inda haske ke isa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, domin rufaffen gilashi a rana dafa abin da ke ciki yake yi. A buɗe ta sha iska lokaci-lokaci, in an ga fumfuna a rage ruwa. A waje kuma, lungun da ke bayan randa ko gindin katangar da rana ba ta cika dukanta ba, inda take fitowa da kanta a watan Agusta, a daina kankarewa in ba kan hanya ba ne. Za ta yi ruwan ƙasa a Nuwamba, ta zauna a haka har ruwan farko ya sauka, kuma kafin ƙasar ta gama shanye shi za a ga kore ya dawo a wurin.